Yadda ake shirya gasar zane da rubutu ta yara a laburare, tun daga neman izini har rabon kyauta

Salamu alaikum jama'a. Wannan bayanin na ma'aikatan laburare ne da malaman makaranta da samarin ƙungiyoyin unguwa da ke yawan tambayata yadda muke haɗa gasar yara a ɗakin karatu na gwamnati. Na daɗe ina wannan aikin a matsayin ɗan sa-kai, kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne yaro ya tako laburaren da ƙafarsa, ya zauna a ciki ya yi abu da hannunsa da kansa, ya fita da katin zama mamba. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima, in ka ga na matsa a wani waje to saboda shi ne.

KAYAN AIKI

Ga abin da za ka tanada in kana sa ran yara kamar sittin zuwa tamanin:

Rim biyu na farar takarda A4, kowane rim takarda 500 ne, zai isa har da na satifiket. Fulsikaf mai layi na masu rubutu. Kwali fari na masu zane, ka yanka kowane ɗaya gida huɗu, kar ka ba yaro cikakken kwali don tsoro yake ba shi kuma ba zai cika shi ba. Fensir HB, magogi, abin fiƙe fensir guda biyar ko shida a ɗaure da zare a jikin tebur (in ba haka ba kafin azahar babu ko ɗaya). Biro shuɗi. Kala ta itace da ta kakin nan na yara, fakiti ɗaya yara huɗu su raba. Maka baƙa, sitefila, salatef, gam, manyan ambulan na zuba aikin kowane rukuni. Igiya da maƙalan shanya, su ne za su zama allon baje kolinka. Babban littafi mai tauri na rijista. Tabarmi. Ruwan leda da ɗan biskit ko cincin. Agogon bango ko wayar da za ta yi ƙara in lokaci ya cika. Ɗan akwatin magani mai filasta da auduga, saboda reza da almakashi in akwai ƙere-ƙere.

Mutane kuma: mai kula ɗaya ga kowane yara goma sha biyar, kuma dole a samu mata a cikinsu, alƙalai uku, sai mutum ɗaya da ba ya komai sai rijista.

In babu kuɗin kwali, bayan tsohuwar kalanda yana yi sosai, haka katan ɗin taliya ko na sabulu in aka buɗe shi aka yanka. In babu kala a yi gasar fensir zalla ko gawayi, wallahi wani lokacin ta fi fito da gwanin gaske.

MATAKI NA 1: Izini, kuma a rubuce

Laburaren gwamnati yana da mai shi. In reshe ne na ƙaramar hukuma ka fara da shugaban reshen, shi zai gaya maka ko sai an kai takarda hedikwatar hukumar laburare ta jiha. Babban waje irin laburaren Murtala Muhammad da ke Kano kam ba a shiga da baki, takarda ake kaiwa a sa mata hatimi a ba ka kwafi. Takardar shafi ɗaya ta isa: su waye ku, wace rana, yara nawa, wane ɗaki kuke so, wa zai biya kuɗin kaya, wa zai share wajen bayan an tashi. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, shi ne yake sa a sake ba ku waje badi.

Ka kai takardar wata biyu kafin ranar. Ka tambaya ko suna buɗewa ranar Asabar, in ba sa buɗewa wa zai zo da makulli, kuma a san da ɗan abin motarsa. Sannan ka ja ma'aikatan sashen yara a jiki tun daga ranar farko, su ne suka san yaran da ke zuwa kullum, kuma gasar da aka yi ta a kan idonsu ba tare da su ba daga ranar take mutuwa.

MATAKI NA 2: Zaɓen rana

Nan mutane da yawa suke faɗuwa. Ka ɗauko kalanda ka fara cire lokutan da ba za su yiwu ba: makonnin jarrabawar ƙarshen zango, lokacin WAEC da NECO wato daga wajen Mayu zuwa Yuli in kana son 'yan babbar sakandare, azumi, da satin sallah. Sai ka duba Islamiyya, don a unguwanni da yawa Asabar da Lahadi da safe yara suna can, ranakun hutunsu Alhamis da Juma'a ne. A lokacin dogon hutu ni Alhamis da safe na fi so, boko a rufe, Islamiyya a rufe, laburare a buɗe.

Yana da kyau ka jingina gasar da wata rana da aka sani don ta fi saurin samun mai tallafi da 'yan jarida. Akwai 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, 27 ga Mayu ranar yara a Najeriya, 26 ga Agusta ranar Hausa, da 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci. Ta Agusta ta fi dacewa da hutu, a yi gasa farkon wata a raba kyauta ranar 26, amma fa damina ce, ka duba rufin ɗakin ko yana yoyo, ka sa takardu a leda, kuma in garin manoma ne yaran suna gona da safe sai dai a koma bayan la'asar. 'Yan uwanmu na Maradi da Damagaram hutunsu ya fi namu tsawo don sai Oktoba suke komawa, suna da sarari har cikin Satumba.

MATAKI NA 3: Rukuni da fannoni

Kar ka haɗa ɗan shekara takwas da ɗan sha shida a ma'auni ɗaya. Rukuni uku nake yi: 7 zuwa 10, 11 zuwa 13, 14 zuwa 17. Ka bi shekaru, kar ka bi aji, saboda akwai ɗan sha huɗu a aji biyar na firamare kuma akwai almajirin da ba shi da aji kwata-kwata.

Karon farko fanni biyu ya ishe ka, uku in kana da hannaye. Ƙanana zane da tatsuniya da baki, yaro ya tsaya ya ce ga ta nan ga ta nan ku a amsa masa ya zuba har ƙurunƙus, minti uku. Na tsakiya zane da gajeren labari shafi ɗaya zuwa biyu. Manya gajeren labari har shafi uku, ko rubutacciyar waƙa baiti goma zuwa goma sha biyar mai amsa-amo. In kana da fili a waje ka ƙara ƙere-ƙere, motar kara da ta gwangwani da ginin laka, yaran da ba sa iya zama da biro a nan za ka ga abin mamaki.

Abu biyu da nake roƙon kowa. Na ɗaya a buɗe ƙofar ajami. Ka rubuta ɓaro-ɓaro a sanarwa cewa ana karɓar rubutu da boko ko da ajami, ka je tsangayar da ke kusa ka gaida alaramma ka nemi ya turo maka yara biyar, ka samo alƙali ɗaya da ke karanta ajami. Yaran nan suna wuce ƙofar laburaren kullum kuma babu wanda ya taɓa ce musu su shigo, abin yana damuna ƙwarai. Na biyu maganar zanen abu mai rai, akwai iyayen da ba sa so, kuma ba wajen musu ba ne. Ka ba da jigon da yaro zai iya yi ba tare da mutum ko dabba ba in ya ga dama, kamar ƙofar gari, kasuwarmu, zanen hula, zayyana, adon bangon gidan sarki, dagin Arewa.

Jigo ya zama abin da yaro ya gani da idonsa. “Ranar da aka yi ruwa a unguwarmu” ko “Abin da kakata ta ba ni labari” ya fi “Muhimmancin ilimi” sau dubu, don na biyun duk abin da za su rubuto maka haddar aji ce iri ɗaya.

MATAKI NA 4: Kuɗi da kyauta

Ka rubuta kasafi a takarda kafin ka roƙi kowa, kaya nawa, ruwa nawa, kyauta nawa, fotokwafi nawa. Kuma ka fi roƙon kaya a kan kuɗi. Mai shagon littattafai zai fi saurin ba ka dozin biyu na littafin rubutu, mai gidan burodi ya ba da burodi, mai fotokwafi ya buga satifiket kyauta in za a ambaci sunansa. Duk abin da aka bayar a rubuta a littafi mutum biyu su sa hannu.

In mai hali ya ce maka meye amfanin gasar yara, ka tuna masa cewa gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wannan maganar tana buɗe aljihu.

Kyauta kuma ni ba na son tsabar kuɗi a hannun yaro, kafin ya isa gida an karɓe, kuma kuɗi ne yake jawo manya su shigo da maguɗi. Jakar makaranta, ƙamus, littattafan labari, fitilar sola ta karatu, kayan zane, in an samu mai ƙarfi keke ga na ɗaya a manya. Kowane yaro da ya shiga ya samu satifiket da sunansa a rubuce daidai da katin laburare. Kar a karɓi ko sisi na shiga gasa. Sannan in ɗan siyasa ne zai tallafa a gaya masa tun farko ba a liƙa fosta a laburare, wajen na kowa ne.

MATAKI NA 5: Sanarwa da rijista

Sati uku kafin ranar. Facebook da WhatsApp suna kai saƙo ga iyayen da ke da waya babba ne kawai, don haka sai an taka. Ka kai takarda ga hedimastoci da firinsifal na makarantun da ke zagaye, na gwamnati da na kuɗi, in makarantun firamare na gwamnati ne da yawa ka bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ka gaida mai unguwa, ka roƙi liman ya faɗa bayan sallah, in da hali a sa a rediyo cikin shirin yara. Sanarwar ta ƙunshi rana, lokaci, waje, shekaru, fannoni, da cewa kyauta ne kuma za a ba da kayan aiki a wajen.

Ka sa iyaka, misali yara biyar daga kowace makaranta, sannan ka ware kashi ɗaya cikin uku na gurabe ga yaran da za su zo da kansu ba ta hannun makaranta ba. In ba ka yi haka ba makarantun kuɗi biyu za su cika maka ɗaki da motocinsu.

Fom ɗin rijista rabin shafi: suna, shekaru, unguwa, fanni, lambar wayar uba ko uwa ko malami, da layin da za su sa hannu ko dangwale cewa sun yarda yaro ya zo, da wani layin daban na ko sun yarda a ɗauki hotonsa a sa a intanet. Wanda bai yarda da hoto ba a mutunta. 'Yan mata kuwa, musamman 'yan sha huɗu zuwa sama, sai ka faɗa a sanarwa cewa akwai malamai mata kuma za a tashi kafin azahar, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kuma su ne sau da yawa suka fi rubutu mai kyau.

MATAKI NA 6: Ranar gasa, a yi komai a cikin laburare

Wannan shi ne zuciyar maganar. Kar ka yarda a kawo aiki daga gida. In ka ce a rubuto a kawo, abin da za ka tara rubutun yayye ne da malaman Hausa da kawu mai digiri, yanzu kuma ga ChatGPT ya shigo, manhajar nan da ke rubuta wa mutum duk abin da ya nema, ɗan sakandare zai kawo maka labari sumul da Hausar da ko kakansa bai taɓa yi ba. Yaron da ya yi da kansa da kuskurensa shi zai faɗi, kuma ya san dalilin faɗuwarsa, ba zai sake zuwa ba. Saboda haka jigo ma ba a faɗinsa sai ranar, a rubuta uku a allo yaro ya zaɓi ɗaya, wayoyi a ajiye wajen mai rijista, iyaye da malamai su zauna a waje ƙarƙashin bishiya a ba su ruwa.

Ga yadda nake tsara safiyar. Masu kula su iso bakwai da rabi a shimfiɗa tabarmi a jera kaya. Takwas zuwa tara rijista, kowane yaro a ba shi lamba, kamar A12 ko C07, harafin na rukuni ne. Lambar kawai zai rubuta a takardarsa, ba suna ba makaranta, littafin da ke haɗa suna da lamba kuma yana hannun mutum ɗaya wanda ba alƙali ba. Ƙarfe tara sai ma'aikacin laburare ya zagaya da su minti ashirin, ga sashen yara, ga littattafan Hausa, ga yadda ake aro, a bar su su taɓa littafi su buɗe. Kar ka tsallake wannan don wai lokaci ya tafi, da yawansu ranar ce farkon shigarsu.

Sai a fara. Ƙanana minti arba'in da biyar, fiye da haka sun gaji sun fara tsokanar juna. Na tsakiya awa ɗaya, manya awa ɗaya da rabi, a ba su takardar gwaji ɗaya da ta gaske. Masu kula aikinsu fiƙe fensir da raka yaro banɗaki da faɗin saura minti goma, ba gyara ba, ba “da ka sa kore a nan”. Za ka ga yaron da ya zauna minti goma bai rubuta komai ba, ka durƙusa kusa da shi ka tambaye shi a hankali me ya gani a hanya da zai zo, ka tashi ka bar shi, yawanci daga nan yake kamawa.

Masu tatsuniya a kai su wani ɗakin ko waje don kar su dami masu karatu, alƙalai su ba da maki nan take, a ɗauki murya a waya. In ɗakin bai isa kowa ba a yi zubi biyu da jigo daban, ko kwana biyu. In babu tebura tabarma da kwalin katan a cinya ya wadatar, in babu wuta a buɗe tagogi a gama kafin rana ta take. Kuma kar yaro ƙarami ya fita sai wanda ya kawo shi ya zo, a duba suna a littafi.

MATAKI NA 7: Alƙalanci

Alƙalai uku, kada a samu wanda ɗansa ko ɗalibinsa ke ciki. Malamin Hausa daga kwalejin ilimi ko wata sakandare ta nesa, marubuci ɗaya (reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jiharku zai iya ba ka mutum), na zane kuma malamin zane ko mai zanen allon shaguna ko gwanin ɗinkin hula, ba sai mai takarda ba.

A ba su ma'auni a rubuce. Na rubutu ina sa tunani da sabon abu 40, tsarin labari 25, daɗin harshe 25, ƙa'idojin rubutu 10. Na san malaman Hausa za su ce goma ta yi kaɗan, amma yaran nan da yawa ba a koya musu bambancin k da ƙ ko inda ake raba kalma ba, laifin ba nasu ba ne, in ka sa ma'aunin a nan to ka zaɓi makaranta ne ba yaro ba. Ga 'yan 14 zuwa 17 za a iya ɗaga makin ƙa'idojin rubutu zuwa 20. Na zane kuma a duba bin jigo, lura da abin da ido ke gani, da cika fili, tsafta ta zo ƙarshe.

Kowane alƙali ya ba da makinsa shi kaɗai a takardarsa, sannan a haɗa. In biyu sun yi kunnen doki a sake karanta su da ƙarfi a gaban ukun. In an yi shakkar wani aiki, misali labarin da aka haddace daga littafi, a kira yaron a yi hira da shi cikin mutunci, me ya sa wane ya yi kaza, in da za ka ƙara shafi me zai faru, minti biyu sun isa a gane. Sai an gama an sa hannu sannan a buɗe littafin lambobi. Ka ba alƙalai sati ɗaya, kuma ka roƙe su kowane aiki su rubuta layi ɗaya na yabo da ɗaya na shawara a baya da fensir. Aiki ne, amma yaro yana ajiye wannan takardar shekaru.

MATAKI NA 8: Baje koli da rabon kyauta

Kwana ɗaya kafin taro a ɗaura igiya daga taga zuwa taga a maƙale duk ayyukan, duka fa, ba na waɗanda suka ci kawai ba, yanzu da sunan kowa a ƙasa. A sa su daidai tsayin idon yara. Uwar da ba ta taɓa shiga laburare ba za ta shigo don ta ga zanen ɗanta, ka tabbata akwai mai fom ɗin zama mamba a bakin ƙofa.

Taron kar ya wuce awa ɗaya da rabi. Babbar matsalar tarukanmu jawabai ne, manya shida su yi magana yara suna hamma a rana, a ƙarshe a kira su a gurguje. Addu'a, shugaban laburare minti biyar, babban baƙo minti biyar, sauran lokacin na yara ne, waɗanda suka yi na ɗaya su karanta aikinsu da bakinsu, wanda kunya ta hana a samu abokinsa ya karanta yana tsaye kusa da shi. A fara kiran kowa da kowa a ba shi satifiket, sannan na uku, na biyu, na ɗaya. Ka ƙara ƙananan kyaututtuka biyu ko uku, wanda ya fi ba da dariya, wanda ya fi amfani da karin magana, mafi ƙanƙanta a cikin masu shiga. Ka duba rubutun sunaye sau biyu da daddare, ka riƙe satifiket biyar marasa suna a jaka don ba a rasa wanda aka tsallake.

In babban baƙo bai iso ba bayan minti talatin a fara, in ya zo ya tarar.

MATAKI NA 9: Bayan taro

A share ɗaki a mayar da kujeru a ranar. Cikin satin ka kai wa shugaban laburare rahoto shafi ɗaya, yara nawa suka zo, mata nawa maza nawa, nawa suka karɓi kati, me aka kashe, da takardar godiya ga duk wanda ya ba da ko fensir ne. Hotuna a sa na waɗanda iyayensu suka yarda kawai, kuma ba a haɗa cikakken suna da makaranta da unguwa a ƙarƙashin hoton yaro.

Sai ka zaɓi ayyuka goma sha biyar zuwa ashirin a buga a kwamfuta, a gyara ƙa'idar rubutu kawai a bar maganar yaro yadda ya yi ta, a yi fotokwafi a naɗe a buga sitefila a tsakiya, bangon ya zama zanen da ya yi na ɗaya. Kwafi biyu a ba laburare a yi musu rijista a sa su a kanta kamar kowane littafi, kowace makaranta ɗaya, kowane yaro da ke ciki ɗaya. In babu kuɗin bugawa a haɗa asalin takardun a fayil mai tauri a ajiye a sashen yara. Sauran ayyukan bayan wata ɗaya a mayar wa masu su, amma su zo laburare su karɓa da kansu.

'Yan matan da ka ga hannunsu ya faɗa ka gaya musu akwai gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata marubuta, su sa ta a gaba in sun kai shekarun shiga. Kuma tun a wajen rabon kyauta ka sanar da ranar zaman karatu na farko, Alhamis ko Asabar ɗin da ta fi kusa, awa ɗaya, ka karɓi sunayen masu so a wajen, ka kira iyayensu a waya ana gobe.